Wa ya zaɓi wa? Tsohuwar gardamar 'yan Baftis a kunnen Adarawa

Da an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, tashar motar Tahoua ba ta da masaka tsinke. Samari ne daga Keita, Tamaske, Kalfu da ƙauyukan da ke bayan duwatsu, kowa da jakarsa da 'yar ledar ƙuli-ƙuli. Wasu Abijan suka nufa, wasu Legas, wasu kuma arewa, Libiya ko Aljeriya. Cin rani ke nan, gadon Adarawa.

Ka matsa kusa da masu rakiya ka kasa kunne. Tsoho zai ce wa ɗansa, "Je ka, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Kafin direba ya tayar da mota, shi ɗin dai zai ƙara da cewa, "Amma fa ka dage, zomo ba ya kamuwa daga zaune." Yaro ya durƙusa ya ce, "To, Baba." Babu wanda ya ji maganganun biyu sun yi karo.

A wata duniyar kuwa, ƙoƙarin tantance inda rabo ya tsaya da inda himmar bawa ta fara ya raba majami'u, ya tsige fastoci daga kujerunsu, ya jijjiga ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin Kirista na Amurka. Can ba maganar abinci ake ba, maganar ceto ce: shin Allah ne ya zaɓi waɗanda za su tsira tun kafin a halicce su, ko kuwa ya buɗe ƙofa ga kowa ya bar wa mutum zaɓin shiga? Littattafai, wayoyin hannu da ɗaliban makarantun tauhidi suna ɗauko wannan gardama zuwa Afirka ta Yamma, don haka ya dace mu san asalinta.

Mafarin zancen

Abin ya faro ne a nahiyarmu. A farkon ƙarni na 5, Agustin, bishof ɗin garin Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya yi dogon ja-in-ja da wani malami mai suna Felajiyus. Felajiyus yana ganin mutum na da ikon yin biyayya ga Allah in ya so. Agustin ya ce sam, zunubin Adamu ya karya ɗan Adam, ba ya iya ko ɗaga kai sai alherin Allah ya ɗaga shi.

Bayan shekara dubu da ɗoriya, wani Bafaranshe, Jon Kalbin, wanda ya zauna a birnin Janeba, ya tsara wannan koyarwa a babban littafinsa na aƙida da ya fara fitowa a 1536. Ya rasu a 1564. Daga baya wani malami ɗan ƙasar Holan, Yakubu Arminiyus, ya ce an wuce gona da iri. Bayan rasuwarsa a 1609 almajiransa suka rubuta takardar ƙorafi, aka kira babban taro a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, taron kuma ya yanke hukunci a kansu.

Daga wannan taro aka samo abin da ake kira aƙidu biyar na Kalbin. Mutum ya lalace ta kowace fuska har ba ya iya neman Allah da kansa. Allah yana zaɓe ba don wani abin kirki da ya hango a wurin bawa ba. Mutuwar Almasihu ta fanshi zaɓaɓɓu ne takamaimai. In Allah ya kira zuciya kira na gaskiya, ba ta ƙi. Wanda aka ceta kuma ba ya ɓacewa.

Mabiya Arminiyus ba su musa cewa ceto alheri ne ba. Abin da suka ce shi ne alherin yana zuwa wa kowa, mutum kuma na iya karɓa ko ya juya baya. Kowane ɓangare na da ayoyinsa. Na Kalbin sun fi buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, sura 9, da farkon wasiƙar Afisawa. Ɗaya ɓangaren ya fi buɗe Yohanna sura 3 da wasiƙar farko zuwa ga Timoti, inda aka nuna Allah na son kowa ya tsira.

Gida ɗaya, ƙofa biyu

'Yan Baftis ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan batu ba. Ikilisiyarsu ta farko, wadda John Smyth da Thomas Helwys suka kafa a Amsterdam a 1609, ta karkata ga cewa Almasihu ya mutu domin kowa. A shekarun 1630 wani reshe ya ɓullo a Landan mai bin Kalbin, shi ne ya fitar da takardun aƙida na 1644 da 1689. Har gobe in ka ji matashin fasto ya ce shi "ɗan 1689" ne, ya riga ya gaya maka inda ya sa gaba.

Wasu daga cikin mabiya Kalbin na Ingila sun zarce har suka ce bai kamata mai wa'azi ya gayyaci kowa da kowa zuwa tuba ba, tunda bai san zaɓaɓɓu ba. Wani fasto mai suna Andrew Fuller ya yi musu raddi da littafi a 1785, ya ce aikin mai wa'azi ne ya kira kowa, sauran na Allah ne. Abokinsa William Carey, mai ɗinkin takalma, ya matsa har aka kafa ƙungiyar mishan ta Baftis a garin Kettering a 1792, ya kuma tafi Indiya a shekarar da ta biyo.

Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin zargin da aka fi yi wa mabiya Kalbin shi ne suna kashe himmar bishara. Ga shi kuwa waɗanda suka buɗe hanyar mishan ta zamani a cikin Baftis mabiya Kalbin ne. Sai dai kada a manta, sai da suka yi faɗa da 'yan gidansu kafin su iya fita.

Inda wutar ta fi ci

Ƙungiyar Baftis ta Kudancin Amurka, wadda aka kafa a 1845, tana da mambobi wajen miliyan 13 da majami'u sama da dubu 40. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa ta mabiya Kalbin ne, amma a ƙarni na 20 salon tarurrukan farkawa ya mamaye ta: a yi wa'azi mai zafi, a rera waƙa, a ce duk mai son karɓar Yesu ya taso gaba.

Daga shekarun 1980 koyarwar Kalbin ta fara dawowa. A 1993 aka naɗa Albert Mohler, wanda bai ɓoye aƙidarsa ba, shugaban babbar makarantar tauhidin ƙungiyar da ke Louisville. Shekara bayan shekara makarantar ta riƙa yaye samarin fastoci masu wannan ra'ayi, su kuma suka riƙa samun aiki a majami'un karkara da ba su taɓa jin sunan Dort ba.

Nan ne rigima ta tashi, kuma a ganina ba aƙidar ce ta fi ƙona mutane ba, ɓoye ta ne. Kwamitin neman fasto zai tambayi matashi, ka yarda da Littafi Mai Tsarki? Ya ce ƙwarai. Kana son bishara? Ya ce sosai. Bayan shekara guda sai tsofaffi su lura an daina kiran mutane gaba bayan wa'azi, an canza littattafan makarantar Lahadi, ana kuma maganar a damƙa mulkin ikilisiya ga 'yan dattawa kaɗan maimakon ƙuri'ar jama'a da suka saba. Daga nan sai taron gaggawa, sai ƙuri'a, sai rabuwa.

A 2012 abin ya fito fili. Wani fasto daga jihar Misisifi, Eric Hankins, ya jagoranci fitar da takardar da ta ce ainihin al'adar ƙungiyar ba ta Kalbin ba ce, ɗaruruwan fastoci kuma suka sa hannu, har da tsoffin shugabanni. Wani binciken da sashen nazarin ƙungiyar ya yi a shekarar ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na fastoci na kallon majami'unsu a matsayin na Kalbin, kusan adadin haka na kallon nasu a ɗaya ɓangaren, fiye da rabi kuma sun ce yaɗuwar koyarwar Kalbin na damunsu.

A shekarar dai aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan gajeriyar addu'ar tuba da ake biya wa sabon mai ba da gaskiya. Wani matashin fasto, David Platt, ya soki yadda ake ɗaukarta kamar laya, babban taron ƙungiyar kuma ya zartar da ƙudurin kare ta. Bayan shekara biyu aka naɗa Platt ɗin shugaban hukumar da ke tura 'yan mishan ƙasashen waje, ciki har da Nijar.

An kafa kwamitin sulhu da ya miƙa rahoto a 2013. Bai ce wane ne mai gaskiya ba. Babbar shawararsa ita ce mai neman kujerar fasto ya faɗi aƙidarsa tsakani da Allah, ikilisiya ita ma ta faɗi abin da take so.

Ina Adar a cikin wannan?

A ƙidayar hukuma Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A Tahoua da kewaye sun ma fi haka ƙaranci, kuma da dama ma'aikata ne, ɗalibai ko 'yan kasuwa da suka zo daga wasu jihohi, ko daga Benin, Togo, Burkina da Najeriya.

Tushen Baftis a Nijar ya fi ƙarfi a yamma. Mishan ɗinsu na farko ya sauka yankin Yamai a ƙarshen shekarun 1920, 'yan Baftis na Kudancin Amurka kuma suka iso a zamanin farin shekarun 1970. Ƙasar Hausa kuwa ta faɗa hannun mishan ɗin SIM, wanda ya fara aiki a Damagaram a 1924, ya kafu a Tsibiri da Maraɗi, ya kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Duk Ba'adaren da ya taɓa kai majinyaci Galmi ya san wannan mishan ko da bai san sunansa ba.

SIM ba ta ɗariƙa ɗaya ba ce. Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara ta a 1893, ya yi aikin fasto a cocin Baftis, amma ƙungiyar ta ɗauki ma'aikata daga majami'u iri-iri bisa gajeriyar takardar aƙida. Mabiyin Kalbin da mabiyin Arminiyus sun yi aiki a ɗakin tiyata ɗaya. Ikilisiyar da ta fito daga wannan aiki, EERN, ta gaji baftismar manya ta hanyar nutsarwa irin ta Baftis, ba ta gaji tutar Dort ba.

Amma kada a ce ba ta san rabuwa ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ta dare gida uku, kuma abin da ya jawo hakan shugabanci ne da dukiya da dangantaka da mishan. Duk mai tunanin kawo sabuwar gardama cikin wannan gida ya kamata ya tuna da wannan tabo.

A gefe guda majami'un Fentikos sun yawaita, kuma salonsu na kiran mutum ya yanke shawara nan take ya fi kusa da Arminiyus. Wasu daga ciki, musamman masu kwaikwayon manyan majami'un Legas, sun ƙara da wa'azin arziki: ka ba da baiko mai tsoka, ka furta, ka samu. Wannan ne ya sa koyarwar Kalbin ke burge samari masu karatu a Afirka. Conrad Mbewe, faston Baftis na Kabwata a Lusaka ta Zambiya tun 1987, ya yi suna wajen sukar irin wannan wa'azi, yana kafa hujja da cewa Allah Sarki ne, ba a juya shi da kuɗi ko da ihu. Wa'azinsa da na irinsu John Piper suna yawo a YouTube da WhatsApp, littattafansu da dama kuma an fassara su zuwa Faransanci.

Tambayar da ta fi ciwo

A Amurka fasto na iya tattauna zaɓe kamar darasin aji. A Adar ba haka ba ne. Bahaushe Kirista a nan, da wuya ka same shi ba shi da uwa, ko kawu, ko ƙanwa Musulma. Tare suke biki, tare suke zaman makoki, ranar sallar layya a aiko masa da nama, ranar Kirsimeti ya aika da shinkafa.

Ka ɗauki matar da ke cikin zumuntar mata, wadda ta shekara ashirin tana yi wa mahaifiyarta addu'a. In matashin mai wa'azi ya hau bagade ya ce an riga an rufe lissafi tun kafin a kafa duniya, abin da za ta ji shi ne, to addu'ata ta mece ce? Bayan sujada za ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Fasto, inna fa?"

Mabiyin Kalbin mai hankali yana da amsa. Zai ce, Mama, ba mu san zaɓaɓɓu ba, kuma Allah da ya ƙaddara ƙarshe shi ya ƙaddara hanya, addu'arki tana cikin hanyar. Zai ƙara da cewa wannan koyarwa ce ke hana mai bishara karaya a ƙasar da za a shekara goma ba a yi wa mutum biyar baftisma ba, kuma ita ce ke hana shi matsa wa mutane ko sayen su da buhun masara don ya cika rahoton da zai aika wa masu ba da tallafi.

Ɗaya ɓangaren shi ma yana da tasa. Zai ce ta yaya zan dubi mutum ido da ido in ce Allah na ƙaunarka, alhali a zuciyata ina shakkar ko Almasihu ya mutu dominsa? Kuma mutumin da karɓar sabon addini zai iya jawo masa rasa gado, mata da mutunci a gari, ai ya san da kansa ya yanke shawara, ya kuma biya farashinta.

Na fi jin nauyin hujjar farko a kan batun sayen mutane, domin cuta ce da aka sani. Amma a bakin ƙofar nan, gaban matar nan, hujja ta biyu ta fi saurin shiga zuciya.

Maƙwabta sun san hanyar

Musulmin Adar da ya karanta wannan ba zai ji baƙon abu ba. Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, yana cikin shika-shikan imani shida, kuma ɗalibin zaure yana cin karo da shi tun a babin farko na Risala. Tarihin Musulunci ya ga Jabariyya da suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, ya ga Ƙadariyya da Mu'utazila da suka ce bawa ne ke samar da ayyukansa. Imam Ash'ari, a ƙarni na 10, ya bi tsakiya: Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma ke tsiwirwirarsa, a kan haka ake masa hisabi. Wannan ce aƙidar da ta daɗe tana yawo a makarantun Malikiyya na yankinmu.

Kada dai a haɗa su wuri ɗaya a ce duk abu guda ne. Gardamar Kirista ta ginu a kan zunubin da aka gada daga Adamu da kuma fansa ta mutuwar Almasihu, Musulunci kuwa bai yarda da ko ɗaya ba. Inda suka yi kama shi ne wuyar tambayar.

Wannan yanki ma ya taɓa ganin malami da almajiri sun saɓa a kan imani da aiki. Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya yi rayuwarsa tsakanin Agadas da ƙasar Adar, ya tsananta a kan masu manyan zunubai har ya kai ga kafirta su. Almajirinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a 1754, bai bi shi a kan haka ba, ya kuma rubuta dalilansa, amma bai daina girmama shi a matsayin malaminsa ba.

Masana daga waje sun sha cewa yawan faɗin "haka Allah ya so" ne ya hana mutanen Sahel motsi. Wanda ya ga kwarin Keita ba zai yarda ba. Bayan yunwar 1984, da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa a fagen aiki domin maza sun tafi cin rani. Su suka ɗauki dutse a ka suka jera shi a gangaren tudu don tare ruwa, suka haƙa ramuka a fako, aka dasa miliyoyin itatuwa. Waɗannan matan ne kuma, in damina ta yi gardama, za su ce ƙaddara ta riga fata.

Kujerar fasto

Inda wannan batu zai fi taɓa ƙananan majami'u irin na Tahoua shi ne wajen naɗa shugaba. Tsohon mai bishara na ƙauye ya yi karatunsa da Hausa, a makarantun Littafi Mai Tsarki irin na Tsibiri da Agye. Jarinsa Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, da littafin waƙoƙi, da sanin kowane gida a gari. Matashin da ya je Yamai, Jos, Kaduna ko Ogbomosho yana dawowa da digiri, da kwamfuta cike da littattafai, wani lokaci kuma da abokan waje masu biyan kuɗin makaranta da rufin kwano.

Kusan duk rubuce-rubucen wannan gardama da Turanci da Faransanci suke. Dattawan ikilisiya, waɗanda su ne za su tantance sabon fasto, ba su da su a harshen da suke tunani da shi. Abin da za su gani shi ne alamomi: ya daina cewa a ɗaga hannu bayan wa'azi, yana jan lokaci kafin ya yarda a yi wa mutum baftisma, wa'azinsa na jana'iza ya canza. Wanda ya karkata ɗaya gefen kuma za su ga yana ƙirga duk wanda ya ɗaga hannu a matsayin sabon tuba, ko da ba a sake ganinsa ba.

Majami'ar Amurka mai mutum dubu in ta rabu, kowane ɓangare zai sayi fili ya gina tasa. Majami'ar da duka-duka gida goma sha biyu ce, mai benci takwas da ganga ɗaya, in ta rabu, 'ya'yan wa da ƙane ne za su daina cin tuwo a kwano ɗaya, gari kuma yana kallo.

Shawarar kwamitin 2013 ba ta buƙatar kuɗi ko digiri, kuma dattijon da bai taɓa jin sunan Kalbin ba zai iya aiki da ita. Ya zaunar da ɗan takara a kan tabarma ya ce, "Ɗana, a wace makaranta ka yi karatu, wa ya biya maka? A ganinka Almasihu domin wa ya mutu? In ka hau kujerar nan, me za ka canza a shekarar farko, kuma wa zai yanke hukunci in mun saɓa, kai ko taron ikilisiya?"